Burtalin Kawu Habu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne kawuna, Bulama Habu, wato mai gari, a ƙauyenmu da ke tsakanin Sule Tankarkar da Ɗanzomo. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a, in tuno wata maganarsa in yi ta dariya ni kaɗai, har iyalina su fara zargin tsufa ne ya taɓa ni. Bana dariyar ta ƙi zuwa. Haushi nake ji, kuma rabin haushin nan na kaina ne. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko na sami sauƙi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rugar Ardo Manu. Fulanin nan suna zaune gabas da garinmu tun kafin a haife ni, ni kuwa yanzu har na yi ritaya daga aikin malamin gona, gemu ya yi fari fat. Amma shekarar nan kaf mun yi ta ne da tambaya guda a bakin kowa: za su ci gaba da zama da mu, ko za su tattara su haye Nijar? A zamanin Kawu ko mahaukaci ba zai yi wannan tambayar ba.

Bari in yi wa wanda ba ɗan yankinmu ba bayani. Mu asalinmu Mangawa ne, dangin Barebari, ko da yake Hausa muka tashi da ita, Mangancin sai 'yan kalmomi a bakin tsofaffi. Tsakaninmu da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni. Bafulatani zai kalli Bamange ya kira shi bawansa, Bamange ya mayar masa, a zagi juna son rai, ba mai fushi, wanda ya yi fushi ma shi ne abin dariya. Kowa ya gaji wasan nan. Kawu ne dai na ga ya mayar da shi kayan aiki, kamar yadda wani yake riƙe fartanya.

Kowace bazara, kafin ruwan farko, daidai lokacin da masu gaggawa suka fara binne iri a busasshiyar ƙasa, sai ya aika wa Ardo cewa gobe za a zaga burtali. Burtali shi ne hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki, daga ruga zuwa mashaya. Namu ya taso daga rugar, ya bi ta arewacin gari ya faɗa tafki, tafiyar da za a fara bayan asuba a gama wajen hantsi. Da ƙafa ake yin ta. Kawu yana da doki, daga baya ya sayi babur, amma ranar zagaye ba ya hawa komai. Duk mai gona a bakin burtali wajibi ne ya tsaya a kan gonarsa ya jira su. Faɗin hanyar taku talatin ne na Kawu, kuma shi da kansa yake aunawa. Inda aguwar da aka dasa a matsayin iyaka ta mutu, a sare wani reshe a dasa nan take. Na bi su zagayen nan ya fi sau ashirin, da farko don ni ɗan ƙanwarsa ne, daga baya don aikina ya shafi abin.

Tun daga nesa Ardo yake fara ɗaga murya yana tambayar ina bawan nan nasa mai rawanin aro. Kawu sai ya ce ga ubangidanka nan, ka karya kuwa, ko yau ma shanun ka kalla ka ƙoshi? Haka za su yi ta yi har tafki. Ardo ya ce Mangawa ba su san komai ba sai tallan gishiri. Kawu ya ce Bafulatani zai mutu da yunwa a tsakiyar saniya ɗari, kuma idan aka zo jana'iza ko ɗan maraƙi ba za a yanka ba. Mutane na biye suna ƙyaƙyatawa, manoma da makiyaya a cakuɗe, ba ka gane wanda ya kwana da haushin wani.

A cikin dariyar nan ake yin aikin. Idan ya auna ya tarar wani ya ci burtali, ba ya tsawa. Na tuna shekarar da aka kama wani maƙwabcinmu, Tanko. Kawu ya ƙirga taku ashirin da shida, ya tsaya, ya yafuto Ardo ya ce ya zo ya ga abin mamaki, gonar Tanko ta koyi tafiya. Bara a can ya bar ta, bana ta yi taku huɗu, in aka ƙyale ta baɗi a Maigatari za a same ta tana cin kasuwa. Aka fashe da dariya, har da Tankon. Da hannunsa ya mayar da aguwar inda take. Ya gyara laifinsa, kuma ya koma gida da mutuncinsa, bai kwana yana ƙullatar kowa ba.

Mutane da yawa nan suke tsayawa idan suna ba da labarin Kawu, su ce Allah ya ji ƙan Bulama, akwai barkwanci. Wannan yabon yana ba ni haushi, don ya bar babban abin a baya. Masu barkwanci sun cika tashar mota, ba wanda ya ba su riƙon gari.

Wata damina, gero ya riga ya kai gwiwa, Ardo ya zo ƙofar gida da rana tsaka ya ce a tashi a je a ga wani abu. Ya kai mu bakin burtali ya tsaya a wata gona ya ce Bulama ya auna. Kawu ya auna, taku ashirin da bakwai. Gonar kuwa ta Kawun ce. Masu yi masa aiki ne suka ƙara kunya uku bayan an gama zagaye, suna ganin wa zai zo ya auna gonar Bulama. Ardo ya dogara da sandarsa ya ce shekara da shekaru yana neman ɓarawon burtali, ashe da rawani yake yawo.

Kawu ya yi dariya har sai da ya zauna a kan kunyar. Da ya tashi bai ce bai sani ba, ko da yake gaskiya bai sani ba. Bai kira masu aikin ya ci musu mutunci a gaban jama'a ba. Ya cire babbar riga ya miƙo mini, ya karɓi fartanya ya fara tuge geronsa, kore shar, mai kyan gaske. Wasu suka taso za su karɓe shi ya hana. Ya ce wanda gonarsa ta yi sata shi zai biya. Ya yi kunya ukun nan daga farko har ƙarshe, zufa na zuba, Ardo na tsaye a kansa yana cewa bawa ya ƙara sauri. Tun daga ranar ban sake jin wani ya yi gardama da takun Kawu ba.

Kuma ya san inda wasa yake tsayawa. Shekarar da shanun ƙanen Ardo suka cinye gonar wata bazawara mai marayu huɗu, na raka shi ruga. Ardo ya fara tsokana kamar kullum, Kawu ya ce yau ba wannan ya kawo shi ba. Ya zauna a ƙasa ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba, bai rage ba. Da kaka ta yi, damman gero suka iso ƙofar matar daga ruga. Bayan nan ne ya koma ya sha musu fura, yana ƙorafin an tsuga wa nonon ruwa.

Da Allah ya karɓi abinsa, aka naɗa babban ɗansa, Nasiru. Ina so a fahimce ni, Nasiru ba mugu ba ne. Yana da ilimi, ba ya cin haƙƙin kowa, yana da zumunci daidai gwargwado. Taubashina ne, ɗan kawu da ɗan gwaggo, mun tashi muna tsokanar juna, ni ne ma na koya masa hawan keke. Amma ranar da rawani ya hau kansa, sai wani abu ya shige shi wanda na ga ya shige mutane da yawa masu riƙe da muƙami daga Gumel har Gagarawa. Sun ɗauka girma shi ne ɗaure fuska. Sun ɗauka idan talaka ya ga haƙoranka to ya raina ka, idan ka ce ka yi kuskure to kujerar ta tafi. Sai mutum ya koma yana kwaikwayon wani babba da ya taɓa gani, har ya manta yadda shi kansa yake magana.

Nasiru yana aikin gwamnati a Gumel, can yake zaune, garin sai Juma'a. Shekara biyu na farko ya yi zagayen burtali, amma a mota, gilashi a rufe. A ta uku ya ce zamani ya wuce wannan. Aka mayar da shi taron masu ruwa da tsaki. A kafa rumfa, a jera kujerun roba, a ɗauko lasifika, manoma gefe, Fulani gefe. A kwashe rabin safiya ana jero sarautu da muƙaman manyan baƙi, a karanta jawabi kan zaman lafiya, a ɗauki hoto a watsa a waya, a watse. Ba wanda ya taka burtalin. Da Kawu zai leƙo ya gani, na san abin da zai tambaya: ko kujerun ne za su tashi su je su auna?

Aguwa ta yi ta mutuwa ba mai dasawa. Riɗi ya yi daraja, kowa ya ga ƙasa kwance ba mai tsaro, wannan ya ƙara kunya, wancan ya ƙara biyu. Ni da na san wurin na je na auna bara, wani gun taku tara na samu. Garken shanu ba ya bin taku tara ba tare da ya taɓa amfanin wani ba, wannan ko yaron goye ya sani. Na faɗa wa Nasiru, ya ce za a kafa kwamiti.

Damina ta bara abin da ake gudu ya faru. Shanun Juli, babban ɗan Ardo, suka faɗa gonar riɗi. Aka yi cacar baki, aka ɗaga sanda, aka karya wa wani manomi hannu, aka sassare wata saniya. 'Yan sanda suka zo suka kwashi mutane ɓangare biyu. Aka sako su, amma gari ya riga ya yi tsami. Matan ruga suka daina kawo nono. Aka sa ranar taron sulhu.

A nan nawa laifin ya shigo. Ana gobe taron na same shi a gidansa na Gumel na ce masa jawabin takarda ba zai kashe wutar nan ba. Na ce ya saki fuska, ya yi musu wasa kamar yadda mahaifinsa yake yi, Fulani abokan wasanmu ne. Har da ba shi misalan maganganun Kawu, ina jin kaina mai hikima. Ya saurara da kyau, ya ce zai gwada. Na koma gida ina murna.

Ya kuwa gwada. Ga 'yan sanda zaune, ga wakilai daga ƙaramar hukuma, ga mai karyayyen hannu da ɗaurinsa, ga Fulani sun yi jugum. Nasiru ya ajiye takarda ya ɗauki lasifika, fuskar nan tasa a ɗaure kamar kullum, sai ɗan murmushin da ya ƙaƙaro. Ya ce, “To ku bayinmu, mu muka ba ku masauki. In kun ƙi jin maganar iyayengijinku, sai mu kora ku daji inda kuka fito.”

Wallahi kusan kalma da kalma na sha jin Kawu ya faɗi haka, Ardo ya rama da wadda ta fi ta zafi. Amma Kawu yana faɗa ne yana tafe kafaɗa da kafaɗa da mutumin, ƙafarsa ta yi buɗu-buɗu, kuma kowa ya taɓa ganin ya tuge geronsa saboda shanun mutumin nan. Nasiru ya faɗa ne daga kan kujera mai laushi, ta lasifika, ga mutanen da bai taɓa shan furarsu ba, mako biyu bayan an sare musu saniya. Wasa kuma ana yin sa ne da wanda zai iya ramawa. Wa zai rama wa Bulama a gaban 'yan sanda?

Ba wanda ya yi dariya sai mutum biyu cikin masu rakiyarsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne samarin garinmu. Tafi suka yi, tafin gaske. Yawancinsu ba su taɓa bin zagaye ba, ba su san akwai wani wasa tsakaninmu da Fulani ba, su a ganinsu yau Bulama ya fito ya faɗa wa makiyaya gaskiya. Juli ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya fita, samarin ruga suka bi shi. Ardo ya zauna har aka shafa fatiha, kansa a sunkuye. Wani ya ɗauki abin a waya. Kafin Alhamis ta zagayo, ana kallonsa a kasuwar shanu ta Maigatari, kuma a waya ba a ganin wasa, zagi kawai ake ji.

Na koma wurin Nasiru na ce na ba shi gurguwar shawara, na karɓi nawa. Na ce abin da ya rage guda ne, ya tashi ya je ruga da ƙafarsa, ba mota, ba rakiya, ya ce wa dattijon nan ya yi kuskure, sannan bazara na yi ya fito a auna burtali. Ya ce rawani ba ya zuwa ruga ba da haƙuri, mutane za su ce ya ji tsoro. Ya ce zai sa a rubuta takarda. Na ga abin zai wuce ni, sai na jawo taubasantaka, na ce kai da na sha goya ka a keke kana kuka, yau ni kake gaya wa rawani? Bai ko murmusa ba. Ya dubi mutanen da ke zaune a falon, ya ce, “Malam Sale, a riƙa magana ta girma.” Na ɗauki hulata na fito.

Takardar ta je ruga, da hatimi da komai. Ba a amsa ba. Bazara ta zo, aka yi taro, kujerun Fulani suka wuni ba kowa. Damina ta bana Juli ya kwashe yawancin shanun ya yi arewa da su, aka bar tsofaffi da mata da 'yan tumaki. Mutane suka yi ta cewa ai za su dawo, ina za su je. Ni ma na so in yarda.

Na sha tambayar kaina me ya sa abin da ya yi wa Kawu aiki shekara talatin ya tarwatsa mu a minti ɗaya. Amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba, don ni ma da na bi shi shekara ashirin ban gane ba sai da na yi ɓarna. Na ɗauka dariyar ce maganin. Ashe mutane suna dariyar Kawu ne don sun riga sun yarda da shi. Yadda yake a zaure haka yake a gona, haka yake a ruga. Yana iya tsokanar kowa saboda kowa yana iya tsokanarsa, kuma in aka kama shi da laifi shi ne farkon mai yi wa kansa dariya, sannan ya gyara. Wannan ba a aronsa ana gobe taro. Shugabanninmu na yanzu kuwa, wasu sun ɗaure fuska, wasu sun koyi washe baki idan an saita musu waya, duka biyun riga ce da suke cirewa idan sun shiga gida. Na gaji da ganinsu, kuma na gaji da yadda muke tafa musu.

Makon jiya, bayan an gama shigar da amfanin gona, Ardo ya aiko a ce mini yana son ganina. Na hau babur da sassafe daga Gumel, inda nake zaune yanzu. Na tarar an kwance bukkoki, an ɗora kaya a kan jakuna da amalanke biyu. Za su bi ta Maigatari su haye wajen 'yan'uwansu a ƙasar Damagaram. Ardo ya tsufa ƙwarai, da ƙyar yake gani. Mutumin da tun ina yaro bai taɓa kirana da wani suna ba sai ɗan baiwa, ya miƙo mini hannu biyu ya ce, “Sannu da zuwa, Malam. An sha hanya.” Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya ce in gaishe da Bulama, ya ce sun gode da zama. Ban taɓa jin ladabin da ya yi mini ciwo kamar wannan ba. Na fara ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ƙasa ce ta yi kaɗan.

Buƙatarsa ɗaya ce, in raka shi maƙabarta, don ba zai gane kabarin Kawu ba shi kaɗai. Muka tafi a hankali yana riƙe da kafaɗata. Na nuna masa wurin. Ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo, na yi ta cewa amin. Da ya shafa, bai tashi ba. Ya ɗan matsa kusa, ya sassauta murya ya ce, “To, malalacin Bamange, ka kwanta ka bar ubangidanka a rana. Ga shi zan tafi, ko rakiya ba za ka taso ka yi mini ba.”

Ya karkata kansa, kamar yadda yake yi a da idan ya jefa magana yana jiran a rama. Ni Bamange ne, jinin mai kabarin, ina tsaye a bayansa, kuma na san amsoshi goma da Kawu zai ba shi. Na buɗe baki, ko ɗaya ta ƙi fita. Ya jira iya jiransa, sannan ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce mu tafi, rana tana yi.